Birkin da Delmar Ya Zaɓa da Ƙafafunsa

Duk yankinmu na tudun rairayin Nebraska babu wanda zai ce maka Delmar Sedlak mugun mutum ne, amma kuma babu wanda zai ce maka yana jin magana. A gidan kiwon da yake zaune aka haife shi, a nan ya yi rarrafe, a nan ya koyi jefa igiya tun ƙafarsa ba ta kai likkafa ba. Yanzu ya haura saba'in, ƙafafunsa sun lanƙwashe saboda zaman sirdi, kunnensa na hagu ya daina aiki, na dama kuwa sai abin da ya ga dama yake ji. Ba ya yar da komai. Abin da ya lalace sai ya ɗaure shi da waya, in wayar ta tsinke ya ƙara wata. Da mutane maganarsa ba ta wuce biyu, amma ka laɓe bayan barga ka ji yadda yake zuba wa dawakinsa labari, sai ka rantse wani ne daban.

Matarsa Twila ita ce bakin gidan. Shekara da shekaru ta yi tana tuƙa bas ɗin 'yan makaranta a titunan tsakuwa, rabin magidantan yankin nan ita ta kai su aji ɗaya, kuma har gobe in ta daka wa ɗayansu tsawa sai ya gyara tsayuwa. Duk da haka, in dai akwai tirelar doki a bayan a-kori-kurarsu, Delmar ne a sitiyari. Wai jan doki aikin wanda ya san doki ne. A kan wannan gardama suka tsufa, kuma a gaskiya daɗinta suke ji.

Watan Mayu lokacin lalas ne. Kowane gida ya sa ranarsa, maƙwabta su taru a sa wa maruƙan bana shaidar gidan da ƙarfen wuta. Aiki ya ishi kowa: masu danne maraƙi, masu allura, mai riƙe ƙarfe. Amma shiga garke a kan doki, a zarge ƙafafun maraƙi na baya a jawo shi bakin wuta, wannan ba a roƙonsa, mai gida ne ke zaɓa. Tsohon da aka daina zaɓa kuwa, sai a ajiye masa kujera kusa da tukunyar kofi, a riƙa ce masa ya huta. Babu abin da Delmar yake tsoro a duniya kamar kujerar nan. Bara gida biyu sun nuna masa ita cikin girmamawa, ya dawo gida bai ci abinci ba.

Bana sai ga Gaylen Haugen, ɗan marigayi amininsa, ya bugo waya. "Delmar, ka zo da Tansy," in ji shi. "Kai za ka fara shiga." Delmar ya ce to, ya ajiye waya, ya tafi ya shafa wa sirdinsa mai har sau biyu. Ya san abin da ke ciki. In ya je ya yi abin kirki, sauran gidaje za su tuna da shi. In ya je ba doki, shi ke nan, kujera ta kama shi.

Tansy goɗiyarsa ce, ja mai farin goshi, ita ma ta kwana biyu a duniya. Kafaɗar Delmar ba ta jifa mai nisa yanzu, Tansy ce ke kai shi daidai inda maraƙi zai taka, ta tsaya cak ba sai an ja mata linzami ba. A kan dokin aro ba zai kama ko akuya ba. Gidan Gaylen kuma ya yi nisan da in aka hau ta zuwa can, kafin a isa ta gama gajiya. Dole sai tirela. To, Tansy ta daina shiga tirela.

Abin ya faro ne tun kaka, da tsatsa ta cinye tsohuwar tirelarsa mai nauyin tsiya, waya ta kasa riƙe ta, ya sayi sabuwa ta farin ƙarfe mara nauyi. Da farko Tansy na shiga, sai dai ta fito jiƙe da gumi. Daga baya ta fara jan ƙafa. Da ƙanƙara ta narke kuwa, ko kusa da ƙofar ba ta zuwa. Delmar ya gwada hatsi, ya gwada lallashi, ya gwada faɗa, ko gezau.

Wata safiya Twila ta fito da kofi a hannu, ta jingina da shinge tana kallon ikon Allah. Delmar na jan ragama, Tansy ta kafe ƙafafun gaba, ta kwantar da kunnuwa, jikinta na rawa.

"Tsufa ne," in ji Delmar yana haki. "Ta fara rikicewa."

"Wa ɗin? Ita ko kai?"

"Ƙyallin tirelar ne ba ta so."

"Da ƙyallin ai take shiga da farko. Del, tsaya in tambaye ka. Kai ka taɓa shiga cikin abin nan ana tafiya?"

"Ni doki ne?"

"Da kai doki ne ai da tuni na sayar. Mai da ita barga ka shiga, ni zan ja."

Ya yi gunaguni, ya ce aikin banza ne, ya ce mutane za su gani. Twila ta nuna masa filin Allah, babu kowa sai shanu. Da ya tuna ranar Gaylen na matsowa kuma dabararsa ta ƙare, sai ya danna malafarsa ya shiga. Kafin ta rufe ƙofa ta leƙo ta ce, "Hannu a aljihu. Doki ba shi da hannu."

Ta ja a hankali a kan hanyar cikin gonarsu. Da suka iso ƙofar shinge ta farko, ta taɓa birki. Delmar ya ji motar ta rage gudu amma tirelar ba ta sani ba, sai da ta ɗan tura gaba, sannan birkinta ya cafke lokaci guda. Ƙasa ta tsaya, Delmar bai tsaya ba. Kafaɗarsa ta daki bango, malafa ta yi nata wuri. A ƙofa ta biyu ya buɗe ƙafafu ya shirya, birkin ya ƙi zuwa sai da ya saki jiki, sannan ya sake yin jifa da shi. A ta uku Twila ta zagayo ta buɗe, ta same shi zaune dirshan a ƙasa.

"Ke kika taka da ƙarfi!"

"Ƙafar da ta tuƙa bas? Je ka duba kofina a gaban mota, ko ɗigo bai zuba ba. Yadda kake takawa haka na taka, har na fi ka sauƙi."

Ya san gaskiya ne. Laifin wani ɗan baƙin akwati ne da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda ke aika lantarki zuwa birkin tirela. Delmar ya cire shi daga mota zuwa mota har uku, don yana aiki, me zai sa a yar? Akwatin abu ɗaya ya sani: da zarar ƙafa ta taɓa birki, sai ya ɗan jira, sannan ya aika ƙarfin da aka saita masa, ko don ƙofar shinge kake tsayawa ko don saniya ta faɗo maka a kan kwalta. Tun zamanin tsohuwar tirela cike da bijimai aka murɗa shi, nauyinta ke shanye fizgar. Sabuwar ba ta da nauyin da za ta shanye komai. Wanda ke gaba a kan kujera mai laushi ɗan ja kawai yake ji, kuma a wajenmu duk inda za ka ƙofofin shinge ne a jere.

Delmar ya murɗa akwatin ya rage masa ƙarfi. Fizgar ta ragu, amma da suka gangaro tudu sai tirelar ta riƙa tura motar daga baya har Twila ta ce ita ba da ita ba. Ya ƙara, fizga ta dawo. Sai ya kashe mota, ya wuce barga shi kaɗai. Ya daɗe tsaye da hannunsa a wuyan Tansy. Kunya ce ta rufe shi, da tausayi. Wata da watanni yana buga ta da bango, tana gaya masa iyakar yadda doki ke iya faɗa, shi kuwa yana cewa ta tsufa.

Washegari suka ja tirelar zuwa gari, shagon Arlo mai kayan mota. Tare suka yi firamare da Delmar, kuma tun a lokacin ba su bar juna sun huta ba.

"A'a! Delmar da kansa a shago?" in ji Arlo. "Twila, wayar ɗauri ta ƙare a duniya ne?"

"Akwatin birki nake so," in ji Delmar. "Ba surutu ba."

Arlo ya jero guda uku a kan kanta. Na farko ba ya buƙatar a haɗa waya zuwa gaban mota, a jikin tirela ake maƙala shi, a sarrafa shi da wayar hannu. Delmar ya ture shi gefe da yatsa ɗaya. "Wayata tana cikin aljihun tebur tun Kirsimeti. Kuma ranar da tirela ta fara rawa a bayana, so nake hannuna ya kai kan birkinta, ba in tsaya latse-latse ba."

"Wannan kuma ƙanin naka ne," in ji Arlo, ya ɗaga na biyu. "Sabo ne, ya fi naka ladabi, ga arha. Amma halin gidansu ɗaya: ya jira, ya aika abin da aka ce masa. Na ukun nan shi ne mai kunne. Akwai wani abu a cikinsa da ke jin yadda motar ke rage gudu. Ka taka kaɗan ya ba tirela kaɗan, ka taka da ƙarfi ya ba ta da ƙarfi, a tare. Sai dai kuɗinsa zai sa ka tari."

"Baki ne kawai. Mai sayarwa me ba zai faɗa ba? Sai na gwada."

"Ka gwada yaya?"

"Ciki zan shiga."

Arlo ya dubi Twila, Twila ta ɗaga kafaɗa. "Jiya ya fara," in ji ta. "Ina ga ya samu sana'a."

Arlo ya yi dariya har da riƙe ciki, amma mutum ne da ya san aikinsa. Ya ce tirela da tsoho ɗaya a ciki ba tirela da doki ba ce, don haka suka loda buhunan abincin dabbobi daidai nauyin Tansy, suka ɗaure su. Ya jona akwati na biyu, ya zauna kusa da Twila suka shiga filin tsakuwa da ke bayan shago. Ya nuna mata yadda ake saiti: ta ja a hankali, ta matse ɗan hannun da ke jikin akwatin, ta riƙa ƙara ƙarfi har tayoyin tirela su fara jan ƙasa, sannan ta ɗan rage. "Duk ranar da kaya suka canza, a sake," in ji shi. "Ki gaya wa maigidanki ta kunnen dama."

Garinmu ba ya ɓoye labari. Kafin Delmar ya shiga, duk masu zaman gidan abincin da ke tsallake sun fito da kofunansu sun jeru a bakin filin. Wani ya ce a sa masa ragama. Wani ya tambaya ko an yi masa allurar bana. Delmar ya yi kunnen uwar shegu da su, ya zura hannu a aljihu, aka rufe shi.

Akwati na biyu ya yi ƙoƙari. Bai kayar da shi ba, amma ɗan jiran nan yana nan, sannan cafka. Ya yi tangaɗi, ya faɗi wata kalma da aka jiyo har tsallaken titi, 'yan kallo suka tafa. Ya fito ya ce, "Wannan da ni ne sai in haƙura. Ita ba za ta haƙura ba. Sa ɗayan."

Arlo ya canza, suka sake saiti. Twila ta ja, ta zagaya filin, ta nufo shago. Delmar a ciki ya taƙarƙare yana jiran duka. Shiru. Can ya buga bango ya yi ihu, "Ki taka mana! Me kike jira?"

"Tun daga bishiyar can nake takawa!" in ji Twila ta taga, daidai lokacin da tayoyi suka tsaya.

Ya sa ta sake, a hankali, da ƙarfi, a kan kwana. Ko da ta taka da ƙarfi, jikinsa ya san abin da ke zuwa tun daga farkonsa, sai ya jingina da shi kawai. Ya fito da hannayensa har yanzu a aljihu, yana ƙoƙarin haɗiye murmushi. Ya biya ba tare da ya yi tarin ba. Tsohon akwatin kuwa ya karɓe abinsa ya cusa a bayan kujera, wai wata rana zai yi amfani.

Murnar ba ta daɗe ba da suka koma gida. Ya fito da Tansy, ya kai ta bakin tirela, ta kafe kamar kullum. A nan Delmar ya gane abin da bai lissafa ba: an canza akwati, amma wa zai gaya wa goɗiya? Ita abin da ta sani, ɗakin nan duka yake yi.

Sai ya daina ja. Ya kai tirelar cikin garke ya bar ƙofarta a buɗe, ya kifa bokiti a can ƙurya ya mai da wurin ɗakin cin abincinsa. Twila ta riƙa kai masa nama da dankali can, tana cewa da ta san haka zai yi da ba ta share falo ba duk shekarun nan. Yana ci yana ba Tansy labarin Arlo da akwatinsa mai kunne. Ta fara da leƙe. Ta sa ƙafa ɗaya ta janye. Ana gobe lalas ta shigo har inda yake ta sunsuni farantinsa. Amma da ya tashi zai fita, ta riga shi fita da baya.

"To ai ta faɗa maka sharaɗinta," in ji Twila. "In za a daku, a daku tare."

Akwai hanyar cikin makiyaya da ke kaiwa gidan Gaylen ba a taɓa kwalta ba, doguwa ce amma ita suka bi. Da sassafe Delmar ya shiga ya tsaya a gaba, bayan sandar ƙarfen da ke tare ƙirjin doki, Tansy ta biyo shi tana huci. Twila ta rufe su, ta hau sitiyari. Da suka doshi ƙofar shinge ta farko, Tansy ta ji canjin ƙarar inji. Ta buɗe ƙafafu, ta ɗaga kai, idanunta suka firfito, duk jikinta ya ƙame tana jiran abin da ta saba. Delmar ya dafa goshinta. Tirelar ta rage gudu, ta rage, ta tsaya.

Tansy ta jira. Babu abin da ya zo. Sai ta sauke wani dogon numfashi da ya kaɗa masa malafa. A ƙofa ta biyu kunne kawai ta motsa. Kafin ta huɗu ta miƙa baki ta fizgi ciyawa daga ragar da ke rataye a gabanta tana tauna. Daɗi ya kama Delmar har ya rasa inda zai sa kansa, sai ya ɓarke da waƙa, shi da ko a coci baki kawai yake motsawa. Twila da ke fama da buɗe ƙofa da rufewa ita kaɗai ta buga bangon tirela ta ce ya ji tausayin dabba.

Sun iso an riga an hura wuta, motoci da tireloli sun cika bakin garke. Gaylen ya taho da sauri, ya leƙa gaban mota ya ga Twila ita kaɗai, fuskarsa ta canza.

"Ina Delmar? Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Su biyu na kawo maka. Wanne zan fara saukewa?"

Ta buɗe ƙofa. Tansy ta fito a natse, jikinta a bushe, bayanta kuma ga Delmar da ciyawa a kafaɗa yana gyara malafa kamar wanda ya sauko daga jirgi. Dariyar da aka yi sai da maruƙa suka firgita. Shi ko a jikinsa, ya ɗaura sirdi, ya warware igiya ya shiga garke.

Jifan farko ya kuskure, wurin ya yi tsit. Tansy ta ɗan gusa da kanta, ta ajiye shi bayan wani baƙin maraƙi. Igiya ta sauka a ƙasa, maraƙin ya taka ciki da ƙafa biyu, Delmar ya ja. Aka ɗau sowa. Daga nan kuwa sai da masu dannewa suka roƙe shi ya sassauta su sha ruwa. Wajen cin abincin rana Gaylen ya ce baɗi ma shi zai fara, kuma wani daga cikin waɗanda suka ba shi kujera bara ya matso yana sosa ƙeya, ya tambaya ko yana da aiki ranar Asabar.

Da yamma ya sauke sirdi, ya buɗe tirela, ya rataya wa Tansy igiyar ragama a wuya, ya juya yana sallama da mutane. Da ya waiwayo bai gan ta ba. Ya duba garke, ya duba fili. Sai ya ji ƙarar tauna. Tana ciki, ta shiga da ƙafarta ba wanda ya ce mata, ta sa kai a raga, ko waiwayensa ba ta yi ba.

Ya rufe ƙofar a hankali, ya jingina goshinsa da ita ya daɗe a haka. Twila ta zo ta tsaya kusa da shi.

"Ta yafe min," in ji Delmar.

Twila ta buɗe baki za ta yi tsiyar da ta saba, ta dubi fuskarsa, ta fasa. Ta kakkaɓe masa ciyawar da ke kafaɗarsa, ta riƙe hannunsa suka nufi mota.